Ranar da Kawu Ya Je Kamun Ƙafa Wurin Na'ura

Bari in fara da wautar da na tafka tun kafin in bar Jimeta, don na san in ban faɗa ba ƙanwata za ta faɗa, ita kuwa sai ta ƙara gishiri. Ana gab da tafiyata Duwala ta ƙasar Kamaru na ce ai ya kamata in iya Faransanci, sai na shiga saitin wayata na mayar da ita Faransanci gaba ɗaya. Nan take na zama baƙo a cikin wayata. Na nemi hanyar komawa na rasa. Na danna wani wuri ƙararrawa ta hau kuka, na danna wani hotunan bikin yayata suka tafi inda har yau ba su dawo ba. Haka na kama hanya, ni da nake taƙamar na fi kowa sanin waya a layinmu, riƙe da wayar da ba ma jin yaren juna.

Tun da na dawo kuke damuna a gurup ɗin aji. Hamisu yaya Duwala, Hamisu ina kwamfutar. Wanda ya gan ni a masallaci ma, ana sallamewa sai ya matso. Na gaji da cewa sai a hankali. Ga labarin nan gaba ɗaya, ku karanta, don Allah kada wanda ya sake tare ni a hanya.

Ummata haifaffiyar Duwala ce, a unguwar New Bell, aure ne ya kawo ta Jimeta. Yayanta, Kawu Sale, yana can har yanzu yana sayar da yadi, babban ɗansa Yaya Bashir kuma yana aiki a wani ofishin fiton kaya kusa da tashar jiragen ruwa. Bara wata makarantar intanet ta buɗe darasin koyon haɗa manhajar waya kyauta ga matasan Kamaru. Yaya Bashir ya yi rajista da sunansa da hotonsa da katin shaidarsa, ya fara kallon darasi, barci ya yi awon gaba da shi, bai sake komawa ba. Da ya ji Umma tana ƙorafin ba na rabuwa da waya, sai ya turo mini lambar sirrin asusunsa ya ce in shiga in yi abin kirki, akwai darussan da Turanci. Babu wanda ya ga laifi a cikin wannan. A gidanmu takalmin Sallah ma zagayawa yake yi.

Na shiga kuwa, kuma abin ya kama ni yadda ban taɓa zato ba. Wata da watanni ina tsaye a gindin katangar maƙwabcinmu, don nan ne kaɗai intanet ke yarda ya sauko, ina rubuta umarnin kwamfuta da manyan yatsu a kan waya mai tsagaggiyar fuska. Mai cajin unguwarmu ya fi Baba ganina. A hankali sunan Bashir Sale ya riƙa hawa jerin ɗalibai har ya kai can sama, shi kuwa mai sunan yana Duwala yana cin gasasshen kifi bai san yana da ƙoƙari ba. Sai ga saƙo: waɗanda ke sama su zo Duwala su zauna jarrabawar ƙarshe ido da ido. Wanda ya ci zai samu takardar shaida, da kwamfutar cinya, da gurbin koyon aiki a wani kamfani.

Baba yana da shagon taya, kuma tun ina firamare aka san kujerar da ke jirana a ciki. Da na kai masa maganar sai ya ce:

"Ka je. In ka dawo da takarda da kwamfutar, na sake ka ka bi hanyarka. In ka dawo hannu biyu, ka same ni a shago, kuma kada in sake jin maganar."

Baba ba ya maimaita magana. Batun sunan Yaya Bashir da ke kan asusun kuwa, na faɗa wa Umma, ta kira Kawu, Kawu ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, a turo yaro kawai, babu ofishin da ke Duwala da bai san wani a ciki ba.

Aka damƙa ni a hannun Malam Buba, maƙwabcinmu mai fataucin albasa, wanda ya san hanyar kamar tsakar gidansa. Motar da muka shiga zuwa iyaka an gina ta ne don mutum biyar, aka zuba mana mutanen da za su cika sahun sallah, da akuya. Ni aka ɗora a kan giya, duk lokacin da direba zai canza sai ya ce in ɗaga. A iyakar wani jami'i ya karɓi wayata ya buɗe, ya ci karo da baƙin shafi cike da rubutun da ba na mutane ba. Ya dube ni ya dubi Malam Buba, ya ce ashe irin yaran nan ne masu kwashe wa mutane asusu. Na rantse, na ce karatu ne, na ce bari in nuna masa abin da na haɗa. Wata 'yar manhaja ce da na yi wa Umma don tuna mata maganin hawan jini, da muryata a ciki. Ina dannawa wayar ta ƙwala a tsakiyar ofishin, "Umma, magani, kada ki ce kin manta!" Jami'in ya yi dariya har da riƙe tebur, ya kira abokin aikinsa aka sake kunnawa. Ya ce shi ma tsohuwarsa haka take. Ya miƙo mini wayar ya ce Allah Ya ba da sa'a. Na fito ina jin ko shugaban ƙasa aka kawo zan iya shawo kansa.

Garwa ta ba ni haushi. Na sa rai zan ga ƙasar waje, sai na tarar da Fulatanci iri ɗaya da na kasuwar Jimeta, da rana iri ɗaya, da masu babur masu irin tuƙin namu. Bambancin kawai burodinsu dogo ne kamar sanda, mutum ya saƙale shi a hammata yana tafe, ba leda ba kunya. Layin wayata ya mutu tun a iyaka, Malam Buba ya ara mini wani tsohon sim nasa wanda duk bayan ɗan lokaci wani zai kira ya tambaye ni farashin albasa. Da na gaji sai na fara faɗa musu.

Daga Ngaundere muka hau jirgin ƙasa. Duk tashar da aka tsaya mata za su taso da tire a ka, zuma, ayaba, abarba, da wani abu dogo a naɗe da ganye an ɗaure shi da zare. Na ɗauka ɗan'uwan alale ne na saya. Bobolo sunansa, rogo ne da aka jiƙa har ya gaji da duniya. Ina kwancewa warin ya doke ni, na ce wa Malam Buba an sayar mini da wanda ya lalace. Ya karɓa ya cinye ya ce wannan ma sabo ne.

Abin da ya ba ni mamaki a jirgin, kusan kowane matashi kansa na cikin waya, kuma ba wasa suke yi ba. Wani yaron mota da ke zaune a gefena Jamusanci yake koyo, yana ta maimaita kalma ɗaya kamar mai ciwon maƙogwaro, wai yana so ya tafi can aikin kula da tsofaffi. Wata Bafulatana mai suna Hadiza tana karatun jinya, malaminta yana wata ƙasa, ba ta taɓa ganin komai nasa ba sai fuska da kafaɗa. Na ji daɗi, na ga ashe muna da yawa, na buɗe baki na ba su labarina har da ƙari. Hadiza ta saurara, sai ta tambaye ni ko na ji labarin da ake ta yaɗawa kwanan nan. Ta ce makarantun intanet sun gano ɗalibai suna sa na'ura mai ƙwaƙwalwa ta yi musu aiki, wasu kuma suna sayar da gurbinsu, don haka yanzu duk sun koma duba fuska. Kyamara za ta kalle ka ta gwada da hoton rajista, in ba ku yi daidai ba ko uban wa ya tsaya maka ba za ka shiga ba. Ta ce tasu makarantar ma ta fara.

Na ce mata tamu ba ta yi. Daga nan har Yawunde ban sake ba kowa labari ba.

Motar Yawunde zuwa Duwala babba ce mai kyau, sai dai muna tashi wani mutum ya miƙe a tsakiya ya fara tallar magani guda da ke warkar da basir, da ciwon haƙori, da mantuwa, da rashin miji. Bai zauna ba sai da muka iso Yassa a bakin Duwala, inda cunkoso ya riƙe mu har na fara tunanin a nan zan yi aure in tsufa. Muka ja jiki zuwa Ndogpassi, sai sama ta buɗe. Ku da kuke cewa ana ruwa a Jimeta, ba ku taɓa ganin ruwa ba, yayyafi kuka sani. A Duwala ba sauka yake yi ba, juye shi ake yi. Masu babur, da suke kira bensikin, sun kafa wa baburansu doguwar lema, suna ratsa ruwan kamar kwalekwale. Ɗaya ya kai mu New Bell, na sauka da ƙafar dama da bismillah, na taka abin da na ɗauka hanya ce. Kwata ce. Na nutse har ƙugu, hannuna ɗaya a sama riƙe da waya. Da haka dangin Umma suka fara ganina.

Matar Kawu, Mama Asabe, ta fito tana salati tana dariya lokaci guda. "Ashiya, mon fils, ashiya. Ajiye sac ɗin can, voilà, maza a kawo masa ruwa." Ashiya ɗin sannu ke nan. Haka Hausarsu take. Za su ɗauko magana da Hausa tsaf, kana bi kana jin daɗi, sai a tsakiya su yi kwana su shige Faransanci su bar ka a bakin titi. Ni kuma suka ce Hausata ta rediyo ce, yaran gidan suka riƙa sa ni in faɗi abu suna kwaikwayo. Kafin la'asar duk layin sun san an kawo le Nigérian da ya faɗa kwata.

An ba ni katifa a ɗakin samari. Komai na gidan a kan bulo yake, gado, firji, har akwatin talabijin, saboda ruwa na shigowa gaisuwa ba tare da sallama ba. Zafin garin kuma jiƙaƙƙe ne, ka yi wanka ka goge jiki, tawul ɗin ya fi ka bushewa. Masallaci na nan, mashaya na can bayan katanga, ladan na kira kiɗa na tashi, kowa ya san nasa. Da safe fanke da wake da koko ake ci, tare, a faranti ɗaya, kuma na rantse muku ya fi duk abin da kuke karyawa da shi. Miyar ndole ce dai muka kasa shiryawa, ganye ne mai ɗaci da gyaɗa, suna ci suna lumshe ido, ni ina haɗiyewa ina tuna laifuffukana. Tsirenmu kuwa sun canza masa suna zuwa soya, suna haɗa shi da soyayyar agada, kuma duk masu gasa shi mutanenmu ne na arewa.

Yaya Bashir ya dawo daga ofis da riga mai dogon hannu da tabarau da gemu gyararre. Ya gaishe ni irin gaisuwarsu, ya buga gefen goshinsa da nawa dama da hagu, na ɗauka faɗa ne. Ya karɓi wayata ya mayar da ita Turanci kafin in gama bayanin abin da ya same ta. Sannan muka buɗe asusun makarantar. Sabon saƙo na zaune a ciki, an turo shi ina cikin jirgi. Saboda kare mutuncin jarrabawa, za a duba fuskar kowane ɗalibi a bakin ƙofa. Har sun sa wurin gwaji, mutum ya gwada tun daga gida.

Na dubi Yaya Bashir, ya dube ni. Shi fari ne dogo mai gemu. Ni kun san ni.

Shawarar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Washegari da hantsi na ari kwallin Mama Asabe na zana gemu, na sa tabaransa da rigarsa, na tsaya a kan bulo don in ƙara tsawo, duk da kyamarar fuska kawai take gani. Na'urar ta ce in ƙifta ido, na ƙifta. Ta ce in juya hagu, na juya. Ta ce in yi murmushi, na yi irin nasa na 'yan ofis. Ta yi ɗan tunani, ta nuna ja. Zufa ta fara gangaro da gemun zuwa wuyan rigar. Muna cikin gyara shi Kawu ya ɗaga labule.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce in je in wanke fuskata. Da na dawo ya zaunar da mu ya ce shi ɗan ƙanwarsa ba zai shiga jarrabawa da fuskar aro ba, abin da aka fara da ƙarya ko an samu ba ya albarka. Yaya Bashir ya ce to a bar shi ya rubuta musu a hankali, ya nemi a canza suna ba tare da ya yi dogon bayani ba, don waɗannan mutanen ba a buɗe musu ciki. Kawu ya ce wannan ma ƙarya ce da ta sa riga. Ya ce shi ya san yadda ake yi. Tun yana saurayi yake shiga tsakani, ya fito da kayan mutane da aka riƙe, ya mayar da yaran da aka kora daga makaranta, ya sasanta maƙwabta a kan kwata. Hanyar ɗaya ce: ka tafi da manya, ka gaida mutum yadda ya kamata, ka fara faɗin laifinka da bakinka kafin a faɗa maka, sannan ka roƙi alfarma. Ya ce bai taɓa yin haka aka kunyata shi ba. Kuma gaskiya ne, duk New Bell sun shaida.

Ranar jarrabawa muka tafi unguwar Cité des Palmiers kamar masu neman aure. Kawu da babbar riga fara, wakilin mai unguwa da tasa shuɗiya, na'ibin limamin layinsu, Yaya Bashir da ya ɗauki hutu, sai ni a baya ɗauke da ƙullin goro da kwalbar turare. Na sa rai zan ga katafaren gini da tuta. Wani ɗaki ne a saman shagon gyaran gashi, an yi hayarsa na yini guda, an jera tebura da kwamfutoci. Ɗalibai na kan layi a matakala, kowa ya kai ƙofa sai ya tsaya gaban wata waya da aka kafa a kan sanda, ta nuna kore ya wuce.

Mai kula da wurin wata matashiya ce da kowa ke kira Madam. Da ta ga manyan riguna ta miƙe da sauri ta sa aka kawo kujeru. Kawu ya gaishe ta da Faransanci, ya tambayi gida da aiki da ruwan sama, sannan ya ce shugaban makarantar suke son gani. Yaya Bashir na fassara mini a kunne. Ta ce babu shugaba a Duwala. Ya ce to mataimakinsa. Ta ce ita ma ta intanet aka ɗauke ta aikin yau kaɗai, ba ta taɓa ganin kowa ba, in matsala ta taso ga inda take rubutawa. Ta juyo da kwamfutarta ta nuna wani ɗan akwatin hira. Ta ce amma na'ura ce ke amsawa.

Kawu ya ce ba komai, ko na'ura ce ai mutum ne ya ƙera ta, magana in ta yi kyau za ta isa inda za ta isa. Ya gyara zama ya ce ta rubuta.

Ya fara da sallama. Ya gabatar da kansa da sunan mahaifinsa, da wakilin mai unguwa, da na'ibi. Ya yi fatan an tashi lafiya, da iyali, da ma'aikata. Ya gode musu bisa ilimin da suke ba yaran talakawa kyauta. Madam na bugawa tana cije leɓe. Kafin ya rufe baki amsa ta fito, tana godiya da kyawawan kalamansa, tana tambayar da me za ta taimaka. Kawu ya juyo ya dubi Yaya Bashir ya ce, "Ka gani? Akwai tarbiyya."

"Baba, don Allah daga nan a bar ni in ƙarasa," in ji Yaya Bashir.

"Manya na magana."

Sai ya faɗi komai. Cewa ɗansa ne ya yi rajista, ya kasa, ya ba ƙaninsa. Cewa yaron nan da ke tsaye shi ya yi kowane darasi da kowane aiki, a kan fasasshiyar waya, daga wata ƙasa. Cewa sun san sun yi kuskure, ba su zo gardama ba, sun zo ne a dubi wahalar yaro a yi musu afuwa a mayar da sunan nasa. Wallahi ya iya magana. Na'ibi na gyaɗa kai, wasu ɗalibai a matakala sun yi shiru suna saurare, ni kaina sai da na ji tausayin yaron da ake magana a kai.

Na'urar ta amsa da tambaya guda. Tana so a tabbatar mata: wanda ya yi ayyukan ba shi ne mai asusun ba?

Madam ta ɗauke hannunta daga kan kwamfutar. Ta dubi Kawu ta ce, Papa, in rubuta e? Ya ce ƙwarai. Ta sake tambaya, a hankali, tana kallona. Na san abin da take nufi. Yaya Bashir ma ya sani, ya sunkuyar da kai. Ina da baki a lokacin, kuma kun san bakina. Amma Kawu na zaune da farar rigarsa a gaban mutanen da ya gayyato, ya gama cewa ba mu zo da ƙarya ba. Na kawar da kai.

"Rubuta, 'yata," in ji shi. "Gaskiya ce."

Ta rubuta. Amsar ba ta ɗauki lokacin da ake ɗauka a haɗiye yawu ba. Ta gode da gaskiyarsa. Ta ce ba wa wani asusu ya saɓa wa ƙa'idar da aka amince da ita ranar rajista, don haka an rufe asusun, an soke sakamakonsa, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncin. Ta tambaya ko akwai wani abin da za ta taimaka da shi. A ƙasa ta jera taurari, wai a zaɓa a nuna yadda aka ji daɗin hirar.

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Na ciro na buɗe manhajar makarantar, ta fitar da ni waje ta ce in yi rajista. Darussan, da ayyukan da na tara a ciki, da sunan da na kai sama, babu ko ɗaya. Na sake sa lambar sirrin, na sake, kamar wanda ke ƙwanƙwasa gidan da ya ga an kwashe kaya.

Kawu bai gane ba tukuna. Ya ce a gaya wa mai amsawar ba a gama ba, yanzu ne za a fara roƙon. Madam ta rubuta, amsar hukuncin ta sake fitowa, kalma da kalma. Wakilin mai unguwa ya karɓi magana, ya ambaci shekarun Kawu da mutuncinsa a unguwa, amsar ta sake fitowa. Na'ibi ya ce ko a ba shi lambar wani a kira. Babu lamba. Madam ta ce sabuwar rajista sai mai katin Kamaru, kuma ba ta san ko za a sake buɗewa ba. Idonta ya kawo ruwa, tana ta cewa ashiya. Lokaci ya yi, dole ta rufe ƙofa.

Ta tagar matakala na hango fuskar kwamfutar wani yaro da ke kusa. Tambayar farko irin wadda na yi ta yi ce a gindin katanga, zan iya amsa ta ina tsaye a kan ƙafa ɗaya. Yaron ya dafe kai yana kallon silin. Na tsaya ina kallo har Yaya Bashir ya ja hannuna.

Kawu ya ƙi hawa mota. Muka bi shi a ƙafa cikin yayyafi, gefen farar rigar na jan taɓo, goron na hannuna ban san inda zan kai shi ba. Mun yi nisa kafin ya tsaya ya juyo. Dattijon da ko Baba ke russuna masa ya dube ni ya ce:

"Hamisu, ka yafe mini. Na ɗauka akwai mutum a ciki."

Ban san me ake cewa ba in babba ya faɗi haka. Na ce ba komai Kawu. Ƙaryar da na yi a Duwala ke nan wadda ta wuce ba a kama ni ba.

Na ƙara kwanaki ina jira. Yaya Bashir ya yi ta aika saƙo daga ofis, da Faransanci da Turanci, mai zafi da mai sanyi, duk amsa ɗaya ke dawowa. Mama Asabe ta riƙa cika mini faranti kamar ciwon a ciki yake. Yaran gidan suka daina kwaikwayon Hausata, abin da ya fi komai nuna mini lallai an yi mutuwa. Kawu ya daina fita majalisa bayan la'asar, don kowa ya san ya tafi da manya ya dawo da goronsa. Da Malam Buba ya sayar da albasarsa muka juyo. Hanyar dawowa ita ce ta zuwa, sai dai ban sayi komai a tasha ba, kuma ban yi hira da kowa ba.

Umma ta riga ta ji ta waya. Baba bai tambaye ni komai ba, ya dubi hannuwana, ya ce in ci abinci in huta.

Ban zauna jarrabawar ba. Babu takarda, babu kwamfuta, asusun na rufe har yau. Ina shagon Baba a layin 'yan taya daga safe zuwa magariba, duk wanda tayarsa ta yi faci ya san inda zai same ni.